Tambayoyin Masu Karatu: Robar da Take Komawa Siffarta ta Asali

Wasiƙun wannan fitowa sun zo ne daga mutanen da sana'arsu ba ɗaya ba ce, amma dukkansu suna kewaya abu guda, wato wasu nau'o'in roba da ake iya sauya musu siffa su zauna a haka wata da watanni, sannan da zarar zafi ko ruwa ko haske ya taɓa su, sai su koma yadda aka fara ƙera su. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran wayar hannu da caja ne a Kano. Akwai wani siririn bututun roba, baƙi ko ja, da muke zura wa wayar wuta bayan mun liƙe ta da dalma. Idan muka hura masa iska mai zafi sai ya tsuke ya kama wayar gam. Salatif kuwa ko an gasa shi ba ya yin haka, sai dai ya yi laushi ya yi danƙo. Mene ne sirrin wannan bututu? Kuma me ya sa wani lokaci yake tsagewa, wani lokaci kuma ya ƙi kama wayar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, bututun nan da ƙaramin faɗi aka ƙera shi tun farko, daga baya aka buɗa shi, aka sayar maka da shi a buɗe. Saboda haka tsukewar da kake gani komawa ce ga girmansa na asali, kuma iskar da kake hura masa ba ta yin komai illa ta sake shi daga abin da ya riƙe shi.

Kowace roba, ta leda ce ko ta bokiti ko ta tayar mota, an gina ta ne da ƙwayoyin sinadari masu tsawon gaske, kowace ɗaya sarƙa ce ta dubban ƙananan gaɓoɓi da aka jera bi da bi, su ne masana suke kira polima. Wani Bajamushe, Hermann Staudinger, shi ne ya kafe a kan wannan bayani tun 1920, a lokacin da manyan masana sinadarai da dama suke ganin zancen ba shi da makama, sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kansa. Waɗannan sarƙoƙi ba su zama a miƙe. Muddin akwai ɗumin da zai ba su damar motsi, suna ta lanƙwasa suna murɗewa, kuma da yake hanyoyin da sarƙa za ta bi ta dunƙule ba su ƙirguwa, alhali hanyar miƙewa sak guda ɗaya ce, sai ya zama duk sarƙar da aka ja aka saki, a dunƙule za a same ta. Daga nan ne ƙarfin da yake mayar da roba baya yake fitowa. Kana iya jin alamarsa da kanka: ka ɗauki robar ɗaure kuɗi, ka ja ta da sauri, ka ɗora a leɓenka, za ka ji ta yi ɗumi, ka riƙe ta a miƙe na ɗan lokaci, sannan ka sassauta ka sake ɗorawa, za ka ji ta yi sanyi. Wani makaho ɗan ƙasar Ingila, John Gough, da leɓensa ya gano haka a 1802, ya kuma lura cewa robar da aka rataya wa nauyi gajarcewa take yi idan aka ɗumama ta, saɓanin ƙarfe da yake ƙara tsawo.

To, kafin roba ta iya riƙe siffa biyu, ta dindindin da ta wucin gadi, sai ta haɗa abu biyu. Na farko shi ne ƙulle-ƙullen da suke haɗa sarƙoƙin da juna a wurare daban-daban. Ka dubi ragar kamun kifi: kana iya jan ta ta yi tsawo, ko ka buɗa ta ta yi faɗi, amma da yake kowane zare a ƙulle yake da na kusa da shi, ba zai zame ya bar wurinsa ba. Da babu ƙullin, da zaruruwan sun zame, siffar kuma ta tafi ke nan. Na biyu shi ne abin da zai daskarar da sarƙoƙin a inda aka ja su, ya hana su komawa sai an ba su dama. A bututunka, wanda yawanci da polietilin, wato irin robar leda, ko danginsa ake yin sa, wasu sassan sarƙoƙin sukan jeru su manne da juna su zama ƙananan kiristal idan robar ta huce, kuma su ne suke riƙe ta a buɗe. Idan zafi ya kai inda waɗannan kiristal suke narkewa, riƙon ya saki, ƙulle-ƙullen kuwa suna nan daram, sai bututun ya ja kansa ya koma. Wannan mataki na zafi, wanda za mu riƙa kiransa zafin sakewa, shi ne abin da aka fi lura da shi a kowace roba irin wannan, kuma za ka ga yadda yake ta dawowa a amsoshin da ke tafe.

A masana'anta ana fitar da bututun da ƙaramin faɗinsa, sannan a bi da shi ta ƙarƙashin na'urar da take harba masa ƙwayoyin lantarki masu ƙarfi. Su kuma sai su fizge wasu ƙwayoyin haidirojin daga jikin sarƙoƙin, wuraren da aka fizge su su haɗe da juna su zama ƙulli. Daga nan a gasa shi har kiristal ɗin su narke, kuma ba zai zube kamar yadda leda take zubewa a wuta ba, domin ƙullin ya hana. Sai a buɗa shi da matsin iska, a sanyaya shi yana buɗe, a naɗe shi a kai kasuwa. Masanin Ingila Arthur Charlesby ne ya yi fice wajen nuna wannan hanya ta ƙulla polietilin a farkon shekarun 1950, sannan Paul Cook ya kafa kamfanin Raychem a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1957, kuma daga wannan kamfani ne bututun ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1960, inda masu ƙera jiragen sama da kayan soja suka fara rububinsa. Salatif kuwa ba a yi masa ƙulli ba, ba a kuma buɗa shi aka daskarar ba, don haka ba shi da wata siffa da zai koma.

Game da ƙin kama waya, matsalar awo ce. Kowane bututu yana da iyakar da ba zai wuce ba, kuma wanda aka fi samu a kasuwa rabin faɗinsa yake komawa: mai milimita 6 zai tsaya a milimita 3, don haka zai kama wayar da kaurinta ya kai milimita 4 da kyau, amma mai milimita 2 sai dai ta riƙa yawo a cikinsa ko da ka kwana kana hura masa wuta. Inda kaurin ya bambanta sosai, kamar mahaɗar igiyar caja da kanta, ka nemi wanda yake komawa kashi ɗaya cikin uku, musamman mai gam a cikinsa, domin gam ɗin yana narkewa ya cike giɓi ya hana danshi shiga. Tsagewa kuma tana da dalilai sanannu. Idan ka yanke shi da almakashi marar kaifi har bakinsa ya yi ɗan zazzago, daga nan tsagar take farawa lokacin da robar take ja. Haka idan dalmar ta bar tsini, ko abin da ka zura ya cika bututun tun kafin ya fara tsukewa. Yawancin irin waɗannan bututu sukan gama tsukewa tsakanin digiri 90 da 125 a ma'aunin Salshiyas, harshen laita kuwa ya ninka haka sau da yawa, shi ya sa yake ƙona bayan robar kafin cikinta ya ji. Ka rage zafin na'urar hura iskarka, ka fara daga tsakiya ka tafi gefe-gefe kana jujjuya wayar, don kada iska ta maƙale a ciki. Kuma ka ture bututun nesa da wurin da kake liƙi, domin zafin da ke bin wayar tagulla ya isa ya tsuke shi tun bai kai inda ake buƙatarsa ba.

Tambaya: Ina yin zoɓo da kunun aya ina ɗurawa a gorunan roba ina sayarwa a Gusau. Wata rana na ce bari in zuba musu tafasasshen ruwa don in kashe ƙwayoyin cuta, sai suka motse suka ƙanƙance, wasu suka karkace, bakinsu ne kawai bai canza ba. Akwai dabarar da zan mayar da su yadda suke?

Amsa: Hajiya, sai dai haƙuri, waɗannan gorunan sun tafi, amma abin da kika gani a bakinsu shi ne ya ba da amsar duka. Gorar ruwa da ta lemo da robar da ake kira PET ake yin su, kuma ba a siffar gora ake fara zuba ta ba. Ana fara yin wani ɗan gajeren bututu mai kaurin jiki, rufaffe a ƙasa, wanda bakinsa da zaren murfinsa sun riga sun kammala. Sai a ɗumama jikinsa zuwa wajen digiri 100, a zura masa sandar ƙarfe ta ja shi ƙasa, a hura masa iska mai matsi sosai ya buɗe ya manne da jikin mazubi mai sanyi, ya daskare nan take. Wani injiniyan kamfanin DuPont, Nathaniel Wyeth, shi ne ya sami takardar mallakar fasahar wannan gora a 1973. Ke nan jikin gorar cike yake da sarƙoƙin da aka ja aka daskarar, bakinta kuwa ba a taɓa jan sa ba, shi ya sa bai motsa ba.

A wannan roba, abin da yake riƙe sarƙoƙin shi ne ƙagewar da suke yi idan zafi ya yi ƙasa da wajen digiri 70. Sama da haka sai su fara motsi, tafasasshen ruwa kuwa yana kusa da digiri 100. Gorar ta kama hanyar komawa ɗan bututun da ta fito daga gare shi, amma ba za ta kai ba, domin ba a yi mata ƙulle-ƙulle irin na bututun masu gyaran waya ba, kuma jan da aka yi mata ya haifar da wasu kiristal da ba su narkewa a zafin ruwa. Shi ya sa take tsayawa a tsakiya, a karkace. Mayar da ita sai da mazubi da injin hura iska.

Abin da ya fi miki shi ne wanki da sabulu da buroshi da ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, da ɗauraya sosai, da barin zoɓon ya huce sarai kafin ɗuri. Akwai wani dalili bayan asarar gora: gwaje-gwaje sun nuna cewa zafi yana ƙara yawan sinadarin antimoni da yake fita daga wannan roba ya shiga abin sha, don haka gorar da ta sha tafasasshen ruwa ko ta daɗe a rana ba wurin ɗura abin sayarwa ba ce. Gorunan da kamfanoni suke ɗura wa abu da zafinsa daban ake sarrafa su, ana gasa su a cikin mazubi mai zafi don su jure, kuma za ki ga sun fi kauri.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya. Na karanta a intanet cewa an ƙirƙiro zaren ɗinkin tiyata da yake ɗaure kansa da kansa idan ya ji ɗumin jiki. Gaskiya ne ko cika baki? Idan gaskiya ne, me ya sa ba mu gan shi a asibitocinmu ba?

Amsa: Malama, gaskiya ne, kuma labarin ya kwana biyu. A 2002 ne Andreas Lendlein, Bajamushe, da Robert Langer na jami'ar MIT a Amurka suka wallafa aikin a mujallar Science. Sun haɗa robar da take da sassa iri biyu a sarƙa guda: wani sashe yana narkewa a zafi mai yawa, shi ne yake yin aikin ƙulli, wani kuma yana saki a wajen digiri 40, kuma dukkansu irin waɗanda jiki yake narkarwa ne a hankali, ba sai an dawo cire zare ba. Suka ja zaren ya yi tsawo suka daskarar da shi, suka ɗaura shi sako-sako, da aka ɗumama shi sai ƙullin ya tsuke cikin daƙiƙa 20. Suka kuma gwada ɗinke rauni da shi a jikin ɓera. Amfanin da suka hango shi ne a tiyatar da ake yi ta ƙaramar kafa, inda likita yake ɗaure zare da dogayen kayan aiki yana kallon allo, kuma kin fi ni sanin cewa ɗinkin da ya yi tsauri yana kashe naman wurin, wanda ya yi sako-sako kuma yana barin rauni a buɗe.

Sama da shekara 20 ke nan, zaren bai zama kayan yau da kullum a ɗakunan tiyata ba, ba a Nijeriya kaɗai ba, har a ƙasashen da aka ƙirƙiro shi. A ganina dalilin yana cikin wannan zafin sakewa. Jikin mutum yana kan digiri 37. Idan aka sa zaren ya saki a ƙasa da haka, to zai iya tsukewa a cikin kwalinsa, balle a ƙasa irin tamu inda zafin inuwa yake haura digiri 40 a watan Afrilu, cikin motar da aka ajiye a rana kuma ya wuce 60. Idan aka ɗaga shi sama sosai, sai an ɗumama raunin da wani abu, naman mutum kuwa ba ya jure zafin da ya wuce digiri 45 na dogon lokaci. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu filin ɗan kaɗan ne. Ga kuma batun kashe ƙwayoyin cuta: tukunyar tururin da kuke amfani da ita tana kai digiri 121, wanda zai goge siffar wucin gadin gaba ɗaya, don haka sai an koma ga iskar gas ko wata hanya marar zafi. Bayan duk wannan, sai an tabbatar wa hukumomi cewa ƙarfin da zaren yake ja da shi iri ɗaya ne kowane lokaci, alhali zaren da ake da shi yana da araha kuma likitoci sun ƙware a kansa.

Inda wannan fasaha ta sami shiga sosai shi ne inda babu wata hanya mai sauƙi. Misali mafi kyau shi ne wani soson roba da ake toshe jijiyar jini da shi idan likita yana son hana jini bi ta wani wuri. Aikin ya faro ne a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore da ke Amurka, ya ci gaba a jami'ar Texas A&M ƙarƙashin Duncan Maitland, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurinsa mai suna IMPEDE a 2018. Ana matse soson ya zama siriri, a tura shi ta cikin bututun da aka zura a jijiya, idan ya isa sai ya kumbura ya cika wurin, jini ya shiga ƙofofinsa ya daskare. Dabarar da ta burge ni ita ce yadda suka kauce wa matsalar ajiya. Soson idan yana bushe, zafin sakewarsa ya fi zafin jiki nesa, don haka yana zaune lafiya a kwali. Sai ya jiƙe da ruwan jini, ruwan ya kutsa tsakanin sarƙoƙin ya sassauta su, zafin sakewar ya sauko ƙasa da digiri 37, sannan ya buɗe. Wannan jinkiri na 'yan mintoci shi ne kuma yake ba likita damar kai shi inda yake so.

Akwai danginsu da wataƙila kin taɓa gani, wato farantan roba da ake tsomawa a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 70 su yi laushi, a ɗora su a hannun da ya ji rauni ko a fuskar mai cutar daji da za a gasa wa ƙari, su ɗauki siffar wurin su ƙage. Wasu daga cikinsu idan aka mayar da su ruwan zafi sukan koma shimfiɗe, a sake gyara su.

Tambaya: Ni ɗalibin injiniya ne a Yamai. An koya mana wani ƙarfe, nitinol, wanda shi ma yake komawa siffarsa. Wanne ya fi tsakaninsa da roba? Kuma da gaske ne akwai robar da haske ko maganaɗisu yake motsa ta?

Amsa: Malam, babu wanda ya fi wani sai an faɗi aikin. Nitinol haɗin nikel da titaniyam ne, William Buehler da Frederick Wang suka fito da halinsa a wata cibiyar binciken sojan ruwan Amurka a farkon shekarun 1960, kuma yadda yake aiki daban ne: ƙwayoyinsa ne suke sauya tsarin jeruwarsu daga wani fasali zuwa wani idan zafi ya canza. Ba a iya jan sa fiye da wajen kashi 8 cikin 100 na tsawonsa ya dawo, amma idan zai dawo, da ƙarfin gaske yake dawowa. Roba kuwa ana iya jan ta ta ninka tsawonta sau biyu ko uku ko fiye, ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ba, ta fi shi araha da sauƙin sarrafawa, ana kuma iya daidaita zafin sakewarta ta hanyar sauya sinadaran haɗinta. Rauninta shi ne ƙarfin dawowarta, wanda sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nitinol ba, sannan zafi ba ya ratsa ta da sauri, don haka mai kauri tana ɗaukar lokaci. Shi ya sa nitinol ya mamaye wayar gyaran haƙora da ragar da ake buɗa jijiyar jini da ita, inda ake buƙatar turi mai ɗorewa, roba kuma ta tsaya inda ake buƙatar babban sauyin girma. Masu binciken sararin samaniya sukan haɗa ta da zaren kabon don ƙara mata ƙarfi. Masana na jami'ar fasaha ta Harbin da ke ƙasar Sin sun yi irin wannan haɗi, kuma da shi aka yi na'urar da ta warware tutar Sin a kan kumbon Tianwen-1 bayan ya sauka a duniyar Mars a 2021.

Game da haske da maganaɗisu, da gaske ne, amma ina so ka karanta irin waɗannan rahotanni da ido biyu, domin yawancinsu zafi ne ya shigo ta wata ƙofa. Idan aka cuɗa robar da garin kabon ta riƙa ɗaukar wutar lantarki, wutar ɗumama ta take yi. Idan aka zuba mata ƙananan ƙwayoyin tsatsar ƙarfe aka sa ta a filin maganaɗisu mai jujjuyawa da sauri, kamar yadda ƙungiyar Lendlein ta nuna a 2006, ƙwayoyin ne suke yin zafi daga ciki. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, tun da yana ba da damar motsa abin da yake cikin jiki ba tare da an taɓa shi ba, amma tushen aikin bai canza ba. Ruwa kuma, kamar yadda masu bincike a jami'ar Nanyang ta Singafo suka nuna a 2005 da robar poliyuritan, sauko da zafin sakewa yake yi har ya iske zafin ɗaki. Wanda ya bambanta da gaske shi ne aikin da Lendlein da Langer da abokansu suka wallafa a mujallar Nature a 2005, inda wani nau'in hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, yake ƙulla wasu gaɓoɓi su riƙe siffar wucin gadi, wani nau'in mai gajeren zango kuma ya kwance su, ba tare da ɗumi ba. Sai dai hasken ba ya ratsa roba mai kauri, kuma aikin yana ɗaukar lokaci mai tsawo.

Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne, galibin waɗannan robobi tafiya ɗaya suke yi. Bututun da ya tsuke ba zai sake buɗewa don ya huce ba, sai an sake gasa shi an buɗa shi da ƙarfi daga waje. Don haka duk wanda ya ce maka zai yi injin da zai riƙa kai da komo da irin wannan roba, ka tambaye shi wane ne zai riƙa mayar da ita. Akwai masu zuwa su dawo da kansu, musamman robobin da aka gina da ƙwayoyi irin na allon wayar hannu, waɗanda suke gajarcewa da zafi su miƙe da sanyi, amma yawancinsu suna ɗakunan gwaji tukuna. Idan kana son gwaji mai araha, robar PLA da ake amfani da ita a na'urar ɗab'i mai fitar da abu da jikinsa tana saki a wajen digiri 60: ka tsoma siririn yanki a ruwan zafi, ka lanƙwasa shi, ka tsoma a ruwan sanyi ya ƙage, sannan ka mayar da shi ruwan zafi ka ga yadda zai miƙe. Ka auna kusurwar da ya riƙe da wadda ya dawo da ita, ka maimaita, za ka ga dawowar tana raguwa sannu a hankali, domin ita ma ba ta da ƙulli na dindindin.

Tambaya: Ina sayen tsofaffin robobi ina niƙawa ina sayar wa masu narkarwa a Kaduna. Akwai bawon wasu manyan wayoyin wutar lantarki da wasu bututun ruwan zafi da masu narkarwa suke dawo mini da su, wai suna toshe musu inji. Me ya bambanta su da sauran, alhali a ido iri ɗaya ne?

Amsa: Alhaji, masu narkarwa suna da gaskiya. Waɗannan polietilin ne da aka yi wa ƙulle-ƙulle da gangan don su jure zafi, irin wanda muka bayyana a amsar farko, kuma ƙullin da ya ba su wannan juriya shi ne yake hana su narkewa su gudana. Haka tayar mota take, tun lokacin da Charles Goodyear ya gano ƙulla roba da farar wuta a 1839. Masu aikin famfo a Turai da Amurka suna cin moriyar wannan hali, domin akwai nau'in bututun da ake buɗa bakinsa da wata na'ura, a zura mahaɗi, a bar shi ya tsuke da kansa ya kama, kuma idan ya lanƙwashe ya yi gwiwa ana hura masa iska mai zafi ya warware. Amma a injin narkarwa gudaji yake zama, ya toshe rariya, ya ɓata sauran kayan.

Masana suna neman mafita. A 2011 Ludwik Leibler da abokan aikinsa a Paris suka fito da robar da ƙulle-ƙullenta suke iya musayar wuri idan zafi ya yi yawa, ta yadda za a iya sake zuba ta a wata siffa, sai dai irinta ba ta kai ga kayan da suke zuwa hannunka ba tukuna. A yanzu abin yi shi ne tantancewa tun kafin niƙa. Ka yanki ɗan guntu, ka riƙe shi da filaya, ka hura masa iska mai zafi a fili inda iska take kaɗawa, kada ka cinna masa wuta domin hayaƙin bawon waya yana da illa. Polietilin na yau da kullum zai narke ya yi yauƙi, idan ka ja shi ya biyo ka; mai ƙulli kuwa zai yi laushi kawai, idan ba shi da launi har ya yi garau, ka danna shi ya dawo. Irin wannan ka ware shi buhu daban, ka nemi masu sayen garinsa don cuɗawa a wasu kayan a matsayin ciko, kuma ka sa ran farashinsa ba zai kai na wanda yake narkewa ba.